Tsawon Agwagwa Nawa Ne? Matsalar Awo a Sana'ar Sassaƙa Tsuntsayen Katako

Duk littafin tsuntsayen da ka buɗa, a ƙarƙashin hoton kowane tsuntsu za ka tarar da lamba ɗaya ko biyu masu nuna tsawonsa. Ɗauki agwagwar dajin nan mai koren kai, wadda Turawa ke kira malad, wadda kuma masassaƙan Amurka da Turai ba sa gajiya da ita. Littattafai sun ce tsawonta daga santimita 50 ne zuwa 65. Ga mai kallon tsuntsaye daga bakin tafki wannan ya wadatar, domin ya gane ta fi tattabara, ba ta kai dinya ba. Amma ga wanda ya ɗora guntun katako a kan benci yana shirin sa zarto, lambar ba ta tsinana masa komai ba. Tazarar santimita 15 ta isa ta haɗiye kan agwagwar ɗungurungum har da bakinta. Ko da ma littafin ya tsaya a kan lamba ɗaya, bai faɗi faɗin ƙirji ba, bai faɗi kaurin kai ba, bai faɗi nisan da ke tsakanin ido da gindin baki ba. Kamar ka aika wa tela tsayin mutum kaɗai ne, ka ce ya ɗinko masa kaftani da wando.

Sana'ar da muke magana a kanta ba tamu ba ce. Masassaƙanmu turmi da taɓarya da allo da ƙotar fartanya suka sa a gaba, kuma abin da malamai suka faɗa game da sassaƙa siffar mai rai ba ɓoyayye ba ne, wannan fagensu ne. Gidan sana'ar Amurka ta Arewa ne, kuma ta daɗe a can. A 1924 an tono agwagin yaudara guda 11 a kogon Lovelock da ke jihar Nevada, waɗanda 'yan asalin ƙasar suka ƙulla da ciyawar fadama kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Aikinsu ɗaya ne: a ɗora su a kan ruwa, agwagin gaske su hango 'yan'uwa su sauko, maharbi ya samu nama. Turawan da suka zo daga baya suka mayar da su na katako. A ƙarni na 19, da farautar agwagi don kai wa kasuwannin birane ta bunƙasa a gaɓar Chesapeake da makamantanta, maharbi ɗaya kan baza ɗaruruwansu a ruwa. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta kashe wannan kasuwa, sai masassaƙa suka fara juyawa ga masu sayen kayan ado. Elmer Crowell na jihar Massachusetts yana cikin waɗanda suka yi fice. A 2007 an sayar da tsuntsayensa biyu, kowanne a kan dala miliyan 1.13. A garin Crisfield na jihar Maryland kuma akwai wa da ƙane, Steve da Lem Ward, masu shagon aski, babban ya fi riƙe wuƙa, ƙaramin ya fi riƙe fenti. Da sunansu ake gasar duniya ta wannan sana'a tun 1971, wadda ta yi zaune a garin Ocean City.

Da wannan juyi ne matsalar awo ta taso, domin wanda ake so a gamsar ya sauya. Agwagwa ba ta yawo da rula. Maharban Amurka har yau suna sayen agwagin yaudara da aka yi su da gangan su fi na gaske girma, don a hango su daga nesa, kuma suna jawo tsuntsaye. A tsibirin Eastern Egg Rock na jihar Maine, inda Stephen Kress ya fara ƙoƙarin dawo da tsuntsun teku mai suna fafin a 1973, 'yan tsuntsayen katako marasa wani ado aka kakkafa a kan duwatsu, kuma a 1981 fafin ya dawo ya yi sheƙa. Mu ma mun san abin: maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa cikin ciyawa yana gyaɗa shi, ba milimita ya lissafa ba, motsi ya kwaikwaya, namun daji kuma suka yarda. Amma alƙalin gasa mutum ne wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon tsuntsu. A rukunin da aka ce girman gaske, girman gaske yake nema. A rukunin agwagi masu iyo, cikin tankin ruwa ake saka su, a duba yadda suka zauna. Kan da ya ɗara da milimita 3 kacal, ko bai auna ba zai ji wani abu ya tsaya masa a ido.

To daga ina lambar littafin ta fito? Yawancinta daga gawa. Al'adar masu nazarin tsuntsaye tun ƙarni na 19 ita ce a kwantar da mataccen tsuntsu rigingine a kan rula, a miƙar da wuyansa, a auna daga tsinin baki zuwa ƙarshen bindi. Babu tsuntsun da ke zama haka yana raye. Chandler Robbins da abokan aikinsa, a littafinsu na tsuntsayen Amurka ta Arewa na 1966, sun kauce wa wannan al'ada, suka auna rayayyun tsuntsaye a hannu a yanayin zamansu, sai lambobinsu suka fito ƙasa da na sauran littattafai da kusan kashi 10 cikin 100. Wannan ya sa littafi biyu nagari za su ba ka tsawo biyu na tsuntsu ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Masassaƙin da ya ɗauki lambar gawa ya cusa ta cikin tsuntsun da ke zaune a reshe da wuya a takure, tsuntsunsa zai fito da jiki wanda ya fi na gaske girma, don tsawon da ke wuya ya tafi cikin gangar jiki.

Wuyan nan shi ne babban ɗan zamba. Ɗan Adam ƙashin wuya 7 gare shi, wasu tsuntsaye kuwa sun haura 20, kuma a lanƙwashe yake a ƙarƙashin gashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli zalɓe ko belbela ya ga abin: yanzu tana tsugune kai a kan kafaɗa kamar ba ta da wuya, an jima ta hango fara ta miƙe, tsawonta ya ƙaru da abin mamaki. Ƙananan tsuntsaye ma haka wuyansu yake, gashi ne kawai ya rufa musu asiri. Shi kansa gashin ba tsayayye ba ne. Kurciyar da ka gani da sanyin asubar hunturu ta kumbura ta zama dunƙule, ita ce da azahar za ka gani siririya a lafe. Tsoro na lafar da gashi, barci da sanyi da ciwo na tayar da shi. Sannan ga ƙiba. Wasu ƙananan tsuntsayen Turai da ke cin rani a yankinmu sukan tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa kafin su tsallaka Sahara su koma gida. Saboda haka tambayar kaurin jikin tsuntsu ba ta da amsa ɗaya, sai an ce wane lokaci, cikin wane hali.

Abin da ya rage wa masassaƙi ya dogara da shi su ne sassan da ba sa kumbura ba sa lafewa: baki, ƙwaurin ƙafa, fiffike a naɗe, gashin bindi, ƙoƙon kai. A ganina duk sirrin yana nan. A bar neman tsawon tsuntsu, a nemi tsawon waɗannan, a gina sauran a kansu. Kuma an yi sa'a, su ne ainihin abin da masu sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa suke aunawa kullum, a milimita, da ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu irin wanda makanikai ke gwada kaurin ƙarfe da shi. Littattafansu, irin na Peter Pyle kan tsuntsayen Amurka ta Arewa wanda kashinsa na farko ya fito a 1997, sun fi kowane littafi mai kyawawan hotuna amfani a kan bencin sassaƙa. Babu ado a cikinsu, jerin lambobi ne, namiji daban mace daban, mafi ƙanƙanta da mafi girma.

Sai dai su ma suna da tarkonsu, kuma mutane da yawa na faɗawa. Kalmar tsawon fiffike ba abu ɗaya take nufi ga kowa ba. Ana aunawa ne daga gwiwar fiffike zuwa tsinin gashi mafi tsawo, amma masu aikin zobe a Amurka sun saba barin fiffiken da lanƙwasarsa, na Turai kuwa sukan danne shi a kan rula su miƙar da shi iya miƙuwa. Fiffike ɗaya, lamba biyu, ta Turai ta ɗara. Masassaƙi lanƙwasasshen yake bukata, domin shi ne ke kwance a jikin tsuntsu. Baki ma haka: wani daga inda gashin goshi ya ƙare yake farawa, wani daga inda bakin ya haɗu da ƙoƙon kai a ƙarƙashin gashi, wani daga ƙofar hanci, a wajen shaho da mikiya kuma daga gaban fatar da ke gindin baki. A ƙaramin tsuntsu mai baki milimita 12, bambancin milimita 2 ya isa ya mayar da shi wani tsuntsun daban. Shafukan farko na irin waɗannan littattafai, waɗanda kowa ke tsallakewa, a nan aka bayyana yadda aka yi awon, kuma su ya kamata a fara karantawa.

Bayan haka sai a tambayi wane ne ake sassaƙawa. A yawancin agwagi namiji ya ɗara mace. A dangin shaho akasin haka ne. Akwai ƙaramin shahon Turai wanda macensa kan kusan ninka namiji a nauyi. Dinyar Kanada kuwa rassanta sun sha bamban ƙwarai, har a 2004 masana suka ware ƙananan cikinsu suka mai da su jinsi mai zaman kansa. Wasunsu ba su fi malad da yawa ba, manyan kuma sun ninka su sau da dama. Tun 1847 Carl Bergmann ya lura cewa dabbobin wuri mai sanyi sukan fi 'yan'uwansu na wuri mai zafi girma, kuma hakan na faruwa a tsuntsaye da yawa. Matsakaicin awo da aka haɗa maza da mata, kudu da arewa, awon tsuntsun da babu shi ne a duniya. Gara mutum ya yanke tun farko: namiji ne, baligi, na wuri kaza, a lokacin sanyi. Daga nan duk lambar da zai ɗauka ta zama ta wannan ɗin.

Mafi darajar wurin neman awo har yanzu shi ne ɗakunan ajiya na gidajen tarihin halittu. Reshen gidan tarihin halittu na Landan da ke garin Tring yana da fatun tsuntsaye kusan 750,000, gidan Smithsonian na Washington kuma sama da 600,000, kuma jami'o'i da yawa suna da ƙananan tarin da sukan bar mai bukata ya gani in ya nemi izini. Wanda bai taɓa gani ba ya kan yi zaton tsuntsaye ne a tsaye a cikin gilashi. Ba haka ba ne. Durowa ce mai faɗi mara zurfi, ka jawo ta warin maganin asu ya buge ka, ga tsuntsaye a jere rigingine, fukafukai a manne da jiki, ƙafafu a harɗe, an ɗaura wa kowanne 'yar takarda mai ɗauke da wuri da ranar da aka samo shi. A gurbin ido farar auduga ce ke leƙowa. An cire nama da yawancin ƙashi, an cusa auduga a kan tsinke, an ɗinke. A nan mutum zai ƙirga gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanne ya hau kan wanne, ya auna tsawon kowanne da faɗinsa, ya ga inda launi ya fara da inda ya ƙare. Babu hoton da zai ba shi wannan. Amma kaurin jikin da yake gani, yawan audugar da mai fiɗar ya ga dama ya cusa ne. Tsawon wuyan, hannun mai fiɗar ne. Fiffiken ya ɗan tsuke da bushewa, launin baki da na ƙafa sun koɗe, yatsu sun ƙanƙance sun zama kamar ƙirare. (Tsofaffin fatu kuma da sinadarin asinik aka adana da yawansu, guba ne, don haka ba a taɓa su a kai hannu baki.) Fata gaskiya take faɗa game da gashi, game da siffa kuwa shaidar zur take bayarwa.

Tsuntsun da aka cusa aka tsayar a kan reshe don ado ya fi wannan haɗari, domin ya fi kama da mai rai, sai mutum ya saki jiki da shi. Alhali duk abin da ke cikinsa ra'ayin wani ne: shi ya zaɓi girman gangar da ya sa a ciki, shi ya zaɓi idon gilashi, shi ya lanƙwasa wuyan waya. In ya yi kuskure, masassaƙi ya kwafe kuskuren ya ƙara nasa. Bakin agwagwa musamman, da yake yana da taushi a gefe, ya kan motse in ya bushe. Wannan ya sa masu sayar da kayan sana'ar suke sayar da bakin roba da aka zuba a kan bakin sabon tsuntsu kafin ya bushe, wani lokaci har da kai gaba ɗaya, da ƙafafun dalma da aka zuba haka nan. Irin wannan baki, a hannu, ana jujjuya shi ana sa masa ma'auni ta kowace fuska, ya fi hoto 50. Illarsa ɗaya: bakin tsuntsu guda ne, ba na dangin duka ba.

Akwai kuma zanen da gwanaye suka riga suka fitar, gefe da sama, a girman gaske, wanda ake mannawa a kan katako a bi layi da zarto. Na Pat Godin, ɗan Kanada wanda ya ci gasar duniya sau da dama, suna cikin waɗanda aka fi sani a fannin agwagi. Ga mai koyo babu laifi, ta nan kusan kowa ya fara. Amma a lura da wani ƙaramin abu da ke ɓata aiki ba a sani ba. Takardar ofis ta Amurka faɗinta milimita 216 ne, tamu ta A4 kuwa 210. Ka sauko da zane daga intanet ka kai shagon buga takardu, na'urar ta matse shi don ya shiga shafi, ya ragu da kusan kashi 3 cikin 100 ba wanda ya ce maka uffan. A jikin agwagwa mai santimita 38, ka yi asarar fiye da santimita 1. In kuma zanen gefe da na sama ba su ragu daidai ba, tsuntsun zai fito a karkace tun daga zarto. Zane nagari yana da layin awo a jikinsa; a sa rula a kansa bayan an buga, kafin a taɓa katako.

Zanen manyan masu zane ma ba mafaka ba ne. John James Audubon, a babban aikinsa Birds of America da ya fito tsakanin 1827 da 1838 da zane 435, ya dage kowane tsuntsu ya fito a girmansa na gaske, har takardar ta kai kusan mita 1 a tsaye. Yakan harbo tsuntsu ya kafe shi da waya a kan allo mai layukan murabba'i, ya kwafe a takarda mai irin layukan. Awonsa na da kyau ke nan. Amma manyan tsuntsaye masu dogon wuya sai da ya tanƙwara su don su shiga shafi, kuma kusan duk kwafin da mutum zai samu a yau an rage shi.

Hoto shi ne abin da kowa ke da shi yanzu, kuma shi ne kaɗai ke kama tsuntsu yana raye. Matsalarsa ba ya ɗauke da awo, sai an sa masa. Ga yadda ake yi. A ce ka samu hoton namijin malad ta gefe, ka buga shi, ka auna bakinsa a takarda ka samu milimita 22. Littafin masu zobe ya ce bakin namiji wajen milimita 55 ne. Ke nan duk abin da ka auna a hoton sai ka ninka shi sau 2.5: tsayin kai, nisan ido daga baki, tsawon gangar jiki. Lissafin ɗan firamare ne, amma dubi inda yake zamewa. In ka kuskure milimita 1 tak a cikin 22 ɗin nan, kuskuren ya haura kashi 4 cikin 100, a gangar jiki mai santimita 40 kuwa ya kusa santimita 2. Don haka an fi so a kafa awon a kan abu mai tsawo, kamar fiffike, wanda a namijin malad ya kai wajen santimita 28, sai dai a kan ruwa gashin gefe ya kan rufe gwiwarsa. Na biyu, in tsuntsun ya ɗan juya kai da digiri 20, abin da ido ba ya ma lura da shi, bakin ya gajarce da kashi 6 cikin 100 a hoton. In digiri 30 ne, kashi 13. Na uku, hoton da aka ɗauka daga kusa da wayar hannu yana kumbura abin da ya fi kusa da kyamara. Wanda aka ɗauka daga nesa da doguwar kyamara, daidai tsayin tsuntsun, shi ya fi aminci. Magani shi ne a gwada hoto ɗaya da ma'auni biyu, baki da fiffike ko baki da ƙwauri. In sun ba da ninki ɗaya, hoton ya ci jarrabawa. In sun saɓa, a ajiye shi don launi kawai.

Hoton sama, wanda ke nuna faɗin baya da na kai, shi ne ke wuyar samu, don ba mai ɗaukar hoton da ke sha'awar ƙeyar tsuntsu. A nan ne yawancin sassaƙa ke lalacewa: ta gefe ba laifi, ka zagayo ta gaba ka tarar da kai fale-fale ko kumatu kamar an hura. Ga kuma sabuwar fitina, hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, waɗanda suka cika intanet. Suna da kyau ƙwarai, amma ka ƙirga gashin bindi. Yawancin ƙananan tsuntsaye 12 gare su. Na kwamfuta yadda ya faɗo mata ne. Hoton da ba a san wanda ya ɗauke shi da inda aka ɗauke shi ba, bai cancanci a sa masa rula ba.

Abin da ya sauƙaƙa neman lambobi a 'yan shekarun nan shi ne wani rumbun bayanai mai suna AVONET, wanda Joseph Tobias da ɗimbin abokan aiki suka fitar a 2022. An auna tsuntsaye sama da 90,000 daga jinsi kusan 11,000, wato kusan duk tsuntsayen duniya, kuma kyauta ne a intanet. Akwai tsawon baki da faɗinsa da kaurinsa, ƙwauri, fiffike, bindi. Faɗin baki da kaurinsa, waɗanda littattafai ba su cika kawowa ba, kaɗai sun isa a gode. Amma don binciken kimiyya aka tara shi, ba don sassaƙa ba, kuma akasarin awon daga fatun gidajen tarihi ne. Ba zai gaya maka girman ido ba. Ido kuwa, wanda ake saye na gilashi bisa milimita, shi ne inda ƙaramin kuskure ya fi tsada: ka ɗara kaɗan, babban tsuntsu ya koma ɗan tsako; ka rage, ya zama maƙetaci. A tuna kuma fatar ido tana rufe gefen gilashin, abin da ake gani a hoto ya gaza abin da za a saka.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a samo tsuntsun kawai a auna? A Amurka dokar nan ta 1918, wadda ta tura masassaƙa ga aikin ado, ita ce kuma ta hana su riƙe tsuntsun. Ko a gefen titi ka tsinci gawar ɗaya daga cikin tsuntsayen da ta kare, ko gashinsa guda, ajiye shi ba tare da izini ba laifi ne. Abin da aka ɗauke wa mutum su ne agwagin da aka harba bisa ƙa'ida a lokacin farauta, da baƙin tsuntsaye irin tattabarar gari. Wannan na cikin dalilan da suka sa awon agwagi ya wadata a hannun masassaƙa, na ƙananan tsuntsaye kuma ake ta fafutukar nema. Masu hikima sukan je tashoshin sa zobe ko wuraren jinyar tsuntsaye, su tsaya gefe, su roƙi a ɗauki hoton tsuntsun a hannu tare da rula a kusa, ta gefe, ta gaba, ta sama. Minti ɗaya ne, a sake shi ya tashi.

Duk da haka ba na tare da masu ganin cewa in lambobi sun cika tsuntsu ya fito. Ana samun aikin da kowane awonsa daidai ne amma gawa ce a tsaye, domin an haɗa fiffiken fata da wuyan hoton barci da ƙirjin hoton tsoro. Lambobi na kafa iyaka ne, su ce kada ka wuce nan. Abin da ke tsakanin iyakokin, wato yadda nauyi ke sauka a kan ƙafa, yadda kumatu ke haɗuwa da wuya, yadda ƙirji ke cika in kai ya koma baya, wannan sai zaman kallo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai dai idon da ya san ƙimar tsuntsu shi ne wanda ya daɗe yana gwada abin da ya gani da abin da ma'auni ya faɗa. Shi ya sa gwanaye da yawa ke fara gina tsuntsun da yumɓu a kan waya, su saka bakin da fiffiken a kan awonsu, su yi ta ƙarawa da ragewa har siffar ta zauna, sannan su fitar da zane daga yumɓun. A yumɓu ana mayar da abin da aka cire, a katako ba a mayarwa.

Wanda ke son fitar da siffar tsuntsayen yankinmu, ko don ɗakin karatu ko gidan tarihi ko koyar da makafi ta hanyar taɓawa kamar yadda ake yi a Jafan, ya sani babu mai sayar masa da zanen gauraka ko bakin robar cilakowa. Kasuwar kayan sana'ar tsuntsayen Amurka da Turai ta sani. Lambobin baki da ƙafa da fiffike suna cikin AVONET. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana sa wa tsuntsaye zobe, kuma masu wannan aiki da rula a hannu suke yinsa. Zabo da tattabara da agwagwar gida kuwa ga su nan a tsakar gida, a kama a auna a saki. Kada a kashe tsuntsu don neman awo, kuma duk lambar da aka rubuta a sa mata inda ta fito: ta fata ce, ta hoto ce, ko ta mai rai.